Wat Biyar a Bakin Shari

Litinin, 7 ga Afrilu, da hantsi

Yau ce rana ta farko da ban je makarantarmu ta lise ba. Na tashi yadda na saba, na yi wanka, na sa riga, har na ɗauki jakar darasi kafin matata Balkisu ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallona. Na ajiye jakar.

Likita ya ce in rufe bakina har sakamakon ɗan abin da suka ciro daga maƙogwarona ya fito. Ba magana, ba raɗa, wai raɗa ma ta fi illa. Fiye da shekara ashirin ina koyar da fizik, ina cika aji da muryata, yau ga ni da ɗan allo da alli irin na 'yan aji ɗaya. Balkisu ce ta saya min. Abin da na fara rubuta mata shi ne "shayi". Ta ce, "To, Malam, ko da bakinka ma abin da kake faɗa ke nan."

'Yan ajina suna shirin bak, jarrabawar kammala sakandare. An ba wani malami ajin. Ban tambayi sunansa ba.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Ba wuta tun safe. Gidan ya yi min ƙarami. Na fita na zagaya unguwar Kabalaye a ƙasa ba inda na nufa. Na bi ta layin gidan Inna, na ga ƙofar a buɗe, na wuce. Kunnenta ya yi nauyi, kuma ba ta karatu. Da me zan gaishe ta?

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan magariba

Na hau kilando, babur ɗin haya, zuwa unguwar Abena wurin Baba Yunusu. Abokin marigayi mahaifina ne, ya yi aikin na'urorin sadarwa a filin jirgi har ya yi ritaya. Na zaɓe shi ne don shi ba ya jiran a amsa masa.

Na same shi a ƙarƙashin rumfa da wata 'yar na'ura da ba ta fi littafin aji girma ba, waya ta fito daga bayanta ta hau bishiyar darbejiya. Ya nuna min tabarma. Ya murɗa maɓalli, sai shuu, sai ƙara, sai muryar wani mutum tana fitowa kamar daga ƙasan rijiya. Baba ya ɗauki makirfo ya faɗi lambar kiransa da Faransanci. Mutumin ya amsa. Daga Italiya yake, yana zaune a kan wani dutse, wai ana yayyafi a can.

Na rubuta a allo: "Wat nawa?"

"Biyar," in ji shi. "Bai kai ƙwan fitilar bayin gidanku ba."

Na san wannan a takarda. Na sha zana wa yara yadda igiyar rediyo ke dukan saman sararin sama ta dawo ƙasa. Amma ban taɓa jin ta dawo da mutum ba. Ba intanet, ba kamfanin waya, batir ɗaya da igiyar tagulla.

Ya ce masu wannan sha'awa ta ƙaramin ƙarfi QRP suke ce mata. Ya ce masu irin lambarsa ba su da yawa a ƙasar nan, shi ya sa in aka ji Cadi tana kira, sai a yi ta rububi.

Bai tambaye ni allon mene ne ba. Ina jin Yaya Usmanu ya riga ya gaya masa.

Asabar, 12 ga Afrilu, da asuba

Ina son irinta.

Asabar ɗin dai, da azahar

Na je babbar kasuwa, Grand Marché, layin masu kayan wuta. Wani ɗan kasuwa, Ikrima, ya fito min da oba-oba irin ta masu gadi, ya ce da Larabci wannan har Kano take kaiwa. Na rubuta masa cewa ba za ta kai unguwar Farsha ba ma. Ya yi dariya, ya juya Hausa, ya ce, "Ashe malami ne. To me kake so na gaske?"

Na nuna masa hoton da Baba Yunusu ya ba ni a waya: ƙarama, mai gajeren zango, tana yin murya tana yin Mos, saƙon ɗigo da layi, tana aiki da batir mai bolt sha biyu. Ya ce babu ita a kasuwar nan kaf, amma ƙanensa yana Sin, yana aiko kaya ta jirgi. Na ce a sa ta.

Sauran na haɗa da kaina. Wayar tagulla a shago ɗaya, kebul mai jijiya a wani, ƙaramin batir, faifan sola mai naɗewa. Sai doguwar sandar kamun kifi da za ta riƙe eriya. Mai sandar ya ce, "Allah ya ba da sa'a, kogin Shari ya ja baya, kifi ya taru." Na gyaɗa kai.

Balkisu ta dubi kayan a tsakar gida ta ce, "Likita ne ya rubuta maka waɗannan?"

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Na auna waya, na yanke, na sake aunawa. Na yi kuskure, na yanke wata. Yanzu abu biyu nake jira. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai na duba lambar kafin in san ko in yi murna.

Na haɗiyi kunu da ƙyar. Zafin gari ne.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Baba Yunusu ya ce kada in kuskura in yi kira daga gida ba izini. Ya ce a garin nan mutum ya ɗaga waya a saman rufi, tambaya ce ke biyo baya. Ya raka ni muka shigar da neman lasisi. Kafin ya fito, a gida saurare kawai, in ina son yin kira sai a gefensa da lambarsa.

Bai ƙarasa faɗa ba ashe. Da na dawo na tarar mai unguwa ya aiko a tambayi sandar da na kafa a jikin katanga. Balkisu ta ce musu ta shanya ce. Na sauke ta.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan masallaci

Yaya Usmanu ya zo daga mahauta da ƙashin sa a leda, ya ce a yi min romo. Ya zauna ya cire hula.

"Idi, na yi magana da Alhaji Tahir. Ɗansa yana Alƙahira, ya san asibitin da ake wannan aikin."

Na rubuta: "Wane aiki? Sakamako bai fito ba."

"Bai fito ba, amma a shirya."

Na goge allon na rubuta masa cewa da wat biyar ana iya kai Turai.

Ya karanta, ya dube ni, ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya ce, "Inna tana tambayarka. Na ce mata jarrabawar yara ce ta riƙe ka. Ba zan sake yi mata wannan ƙaryar ba."

Litinin, 21 ga Afrilu, da safe

Sun kira daga asibiti. Ban ɗauka ba.

Talata, 22 ga Afrilu, da azahar

Ikrima ya kira shi ma. Nasa na ɗauka, na miƙa wa Balkisu ta ji min. Kaya sun iso.

Ta fi yadda na zata ƙanƙanta. Baƙa ce, tana shiga tafin hannu biyu, makirfonta kamar akwatin ashana. Ikrima ya buɗe kwalin a gabana ya ce in gwada kafin in tafi, don ba ya son a dawo masa da abin da bai san kansa ba. Muka haɗa ta da batirin babur ɗinsa. Ta kawo haske. Ba eriya, don haka shuu kawai take yi. Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina jin shuu, ana ture ni da buhunan gero, ban motsa ba.

A gida na miƙa waya daga taga zuwa bishiyar lemo, ƙasa-ƙasa yadda ba za a gani daga titi ba. Na ji Sifaniyawa, na ji wani daga Afirka ta Kudu, na ji Mos kamar tsuntsaye a kan dawa. Kowa yana magana.

Laraba, 23 ga Afrilu

Sun sake kira. Ina sauraron wani Bafaranshe yana ba da labarin tumatirinsa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan magariba

Ban san na ba su lambar Balkisu ba. Ashe na bayar, ranar farko.

Ta shigo ina sanye da abin kunne. Ta zare wayar batir. Ba ta taɓa taɓa kayana ba tunda muka yi aure.

"Tun Litinin suke nemanka."

Na ɗauki allo. Ta riga ni, ta kifa shi a kan tebur.

"A'a, Malam. Kullum kai ke rubutawa ni ina karantawa. Yau ka saurara. Sun ce ba su faɗa a waya, sai ka je da kanka, kuma ka je da wani. Ka san abin da wannan ke nufi, ni ma na sani. Kana zaune kana jin Turawa suna hira, ni ina kicin ina jin tarinka. Zahra ta kira daga Yawunde, na ce mata mura ce. Ɗiyarka likitanci take karanta, kana jin ta yarda?"

Na yi magana. Karo na farko tun ranar. Na ce, "Ki ba ni zuwa Lahadi."

Abin da ya fito bai yi kama da ni ba. Ita ma ta ji. Ta mayar da wayar batir da kanta, ta sa ja a wurin baƙi, na gyara bayan ta fita.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Na shirya jaka na kwance, na sake shiryawa. Na'ura, batir, waya, sanda, ruwa. Duka bai kai nauyin takardun jarrabawar aji ɗaya ba. Na rubuta wa Baba Yunusu saƙo cewa gobe ina so in yi kira da bakina. Sau ɗaya. Ya amsa: "Likita ya yarda?" Na kifa wayar. Can ya sake rubutowa: "Bayan la'asar."

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan magariba

Mun je bakin Shari, can nesa da masu wanki, inda rairayi ya fito. Ana hango garin Kusuri a ƙetare. Muka kafa sanda, muka miƙa waya, muka shimfiɗa tabarma. A nan ba hayaniyar janareto, na'urar ta yi tsit kamar an wanke ta. Zangon rediyo na mita ashirin a buɗe yake. Wani daga kudancin Faransa yana kira, muryarsa kamar yana kan tabarmar.

Baba ya miƙo min makirfo. Na danna, na faɗi lambarsa.

Mutumin ya ce, "Akwai wani a ƙasa-ƙasa. Sake."

Na sake.

"Ina jin alamar na'ura, amma ba na jin magana. Sake, a hankali."

Na sake da dukan ƙarfina. Tari ya kama ni. Da ya lafa na rubuta wa Baba da sauri cewa eriyar ce, ko batir ya yi sanyi, ko kuma wat biyar ɗin ne bai isa ba, da ma na sani, da babba na saya.

Bai yi gardama ba. Ya karɓi makirfon, bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba, ya faɗi lambar sau ɗaya da muryarsa ta tsoho.

"Cadi. Ina jin ka sarai. Barka da yamma."

Suka gaisa. Wasu suka taso suna kira ta ko'ina, Baba ya ce musu sai wani lokaci, ya kashe.

Wani kwalekwale ya wuce. Baba ya ce, "Na'urarka lafiyarta ƙalau, Idrisa. Ka yi saye mai kyau."

Na naɗe waya. Ta cukurkuɗe, shi ya warware.

Litinin, 28 ga Afrilu, da azahar

Mun je, ni da Balkisu. Likitan ya juyo da allon kwamfuta yana nuna mana da biro. Ya yi bayani a natse. Balkisu ta yi tambayoyi da yawa, ta rubuta amsoshin a bayan takardar magani. Ni tambaya ɗaya na yi, a kan muryata. Ya ce, "Ba zan yi maka alkawari ba. Wataƙila kaɗan ta rage. Wataƙila a'a. Amma in aka jinkirta, ba ita kaɗai ce za ta tafi ba."

A hanya Balkisu ta sa direban taksi ya tsaya ta sayi mangwaro. Ba wanda ya sha.

Talata, 29 ga Afrilu

Na ce wa Yaya ya kira ɗan Alhaji Tahir.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan la'asar

Baba Yunusu ya zo gida da kansa. Ya ajiye min wani madanni na tagulla a kan katako, tsohon na filin jirgi. Ya ce Mos da wat biyar ya fi murya kai nesa, masu ƙaramin ƙarfi da shi suka fi aiki. Na rubuta: "Don haka ka kawo?" Ya ce, "Don haka, da kuma ɗayan dalilin. Kada mu yi wa juna wayo."

Ya hana ni haddace ɗigo da layi a takarda. Da kunne ake koyo, in ji shi. Ya yi ta buga min haruffa yana shan shayi.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Na iya wasu, suna ɓacewa, suna dawowa. Ina buga su a kan gwiwa, a kan tire, a jikin ƙofar bayi. Balkisu ta ce gidan ya zama na maƙera.

Fasfo, hoto, allura, Yaya yana ta kai da kawo. Ni aikina in tsaya inda aka ce in tsaya. Zahra ta kira, Balkisu ta gaya mata gaskiya. Ta ce a sa mata ni. Na riƙe wayar tana magana, ina ƙwanƙwasa bayanta da farce don ta san ina nan.

Laraba, 7 ga Mayu, da yamma

Wasu 'yan ajina sun zo gaishe ni. Na leƙo ta taga, na sa Balkisu ta ce ina barci. Da suka juya sai na fita ba takalmi na tafa musu hannu. Suka dawo. Na warware musu lissafin lantarki guda a ɗan allona, layi-layi, ina gogewa da hannun riga. Ba su taɓa yin shiru haka a aji ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan magariba

Bakin Shari kuma. Na buga kiran da hannuna, da lambar Baba, a hankali kamar mai koyon tafiya. Na yi kuskure, na sake. Shiru. Na sake.

Sai ga amsa, da sauri kamar ruwan sama a kan kwano. Ban kama ko harafi ba. Baba ya ce in buga masa alamar ya rage gudu. Mutumin ya rage. Ya ƙara ragewa har ya dawo daidai da ni. Baba yana fassara min, amma sunan garinsa ni na kama rabinsa da kunnena. Daga Fotugal yake. Ya tambayi sunana.

Na buga I, D, R, I, S. Wajen S na ƙara ɗigo ɗaya, ya zama wani harafin. Ya maimaito sunan daidai, ya gyara min ba tare da ya ce komai ba.

Bai san komai a kaina ba. Ya ce alamata tana da rauni amma a fili take.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Jirgi Litinin. Na nuna wa Balkisu yadda ake cajin batir da sola, na rubuta mata cewa duk mako a yi, in ba haka ba zai mutu. Ta karanta ta ce, "Ka koya wa Baba Yunusu. Ni da kai za mu tafi. Kana tsammanin Yaya zai bar mahauta ya je ya yi maka kunu?"

Ban sani ba. Kowa ya sani ban da ni.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Na je gidan Inna. Balkisu ta ce za ta faɗa mata a madadina, na girgiza kai. Ta tsaya a tsakar gida.

Inna tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube ni tun daga ƙafa.

"Ka rame. Jarrabawar ce?"

Na durƙusa na kai bakina kunnenta na dama, wanda ya fi. Na ce, "Inna, zan yi tafiya."

"Me?"

Na sake. Ta girgiza kai. Ta ajiye faifan, ta kamo wuyan rigata ta jawo ni, ta ɗora tafin hannunta a maƙogwarona, daidai wurin. Ta daɗe hannunta yana nan. Yana ƙamshin albasa.

"Faɗi kuma."

Na faɗa mata duka. Inda za ni, abin da za su yi, abin da likita ya ƙi yi min alkawarinsa. Ban san nawa ta ji ba. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba tun farkon wannan abu, kuma ya yi zafi, kuma ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Ta sauke hannunta. Ta ce, "Kai ka makara da magana tun kana yaro. Sai da ka shekara uku ba ka ce uffan ba, mutane suna ta surutu. Ni ko ban taɓa rasa sanin abin da kake so ba."

Ta ɗaga murya ta kira Balkisu. "Shigo ki zauna, 'yata, kina tsaye a rana. Ki kawo masa ruwa, ba mai sanyi ba."

Sannan ta turo min faifan shinkafar. Muka ci gaba da tsinta har aka kira magariba.